Jan biro da Turancin yau da kullum: me malami zai soke, me zai ƙyale?

Malamar Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a aji biyu na babbar sakandare a wata makaranta da ke cikin garin Gombe, shekarata ta bakwai ke nan a kan aikin, kuma abin da ya kawo ni yau wani al'amari ne da ya faru a ajina makon jiya wanda har yanzu zuciyata ba ta kwanta a kansa ba. Na sa ɗalibai su rubuta wasiƙa zuwa ga aboki ko ƙawa, sai wata yarinya daga cikin masu ƙoƙarin ajin ta rubuta “Who did you give the book to?” Na ja mata jan biro, na rubuta mata a sama “To whom did you give the book?” kamar yadda aka koya mana tun muna kwaleji. Da na gangara ƙasa kaɗan sai na tarar ta rubuta cewa za ta tafi Kumo “next tomorrow”, nan ma na soke, na rubuta mata “the day after tomorrow”, wato jibi.

Washegari da tara ta same ni a ofishin malamai, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo mini takardarta tare da wata 'yar takarda da yayanta ya rubuto mata. Bayanin da ke ciki shi ne, babban ƙamus na Oxford ya shigar da “next tomorrow” cikin kalmominsa, kuma Turawan Ingila da kansu ba sa cewa “to whom” idan suna hira. Yarinyar ba ta yi mini rashin kunya ba ko kaɗan, tambaya kawai ta yi, amma na rasa amsar da zan ba ta, don haka na ce ta koma aji zan duba.

Tambayata ga masana a nan ita ce, idan abin da littafin nahawu ya ce ya saɓa wa abin da masu harshen suke faɗa kullum, wanne ne daidai, kuma wanne ya kamata malami ya riƙe idan ya zauna gyaran takardu? Ba na son in zalunci yarinya a kan abin da ba kuskure ba, ba na kuma son in sake mata fuska yau, ta je ta faɗi jarrabawa baɗi.

Tsohon Hedimasta, Bauchi

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa aikinki albarka, domin malamin da ɗaliba za ta kawo masa hujja ya ce zai duba, maimakon ya daka mata tsawa, ba shi da yawa a yanzu.

Na shekara 35 ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, kuma na zauna gyaran takardun jarrabawar kammala sakandare ba sau ɗaya ba. Ki fara tuna wa kanki cewa ranar gyara, ƙamus ba ya zuwa ya zauna a kan benci. Mutum ne zai zauna, ga tulin takardu a gabansa, ga takardar tsarin ba da maki a gefensa, ga gajiya. A insha'in WAEC maki 50 ne, an kasa shi gida huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na yadda aka tsara shi, 20 na iya sarrafa harshe, sannan 10 na tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da haɗa baƙaƙe da alamomin tsayawa. A wannan kaso na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki ake cirewa, ma'ana yaron da ya yi kuskure 20 ya tashi a tutar babu a wannan ɓangare, kuma na sha ganin yaran da makinsu ya ƙare tun ba a juya shafin farko ba. Wanda bai samu kiredit a Turanci ba kuwa, kin fi ni sanin cewa ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya ci sauran darussa takwas.

Saboda haka ni a wurina “next tomorrow” abin sokewa ne, kuma da ni ne da ban yi wata-wata ba. A kan jimlar farko kuwa, gaskiya ɗaya ce, yarinyar ta fi ki hujja. Wasiƙa ce zuwa ga ƙawa, kuma tsarin jarrabawar da kansa yana son a ji sakin jiki a irin wannan wasiƙa, har an yarda a taƙaita kalmomi irin su “don't” da “I'll”, abin da ba a yarda da shi ba a wasiƙar neman aiki ko ta zuwa ga hukuma. Yarinyar da za ta rubuta wa ƙawarta “To whom did you give the book?” kamar wadda ta sanya kayan Sallah ne za ta ɗebo ruwa a rijiya. Ki mayar mata da rabin makinta na farko, ki riƙe na biyu.

Mu da muka tashi a Bauchi muna jin labarin yadda Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma malamin makarantar Midil ne a garin nan kafin ya shiga siyasa, yake yin Turancin da Turawa suke tsayawa su saurara, ba mu taɓa ɗaukar tsare ƙa'ida a matsayin bauta wa Bature ba. Mun ɗauke shi a matsayin iya sana'a.

Ɗan Azare, malamin nazarin harshe

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Hukuncin da ka yanke a kan jimlolin biyu shi ne nawa, amma ina neman izini in bi ta wata hanya dabam in iso wurin, domin Malama ta tambayi abin da ya fi wannan takarda ɗaya faɗi.

Malama, abin da ba a cika gaya mana a kwalejin horon malamai ba shi ne, Turanci ba shi da wata hukuma da ke yanke masa hukunci. Faransawa sun kafa majalisar kula da harshensu tun 1635, kuma a 1712 Jonathan Swift ya rubuta takarda yana neman a yi wa Turanci irin wannan majalisa don a tsare shi daga sauyawa, amma maganar ba ta je ko'ina ba. Da aka rasa hukuma, sai ɗaiɗaikun marubuta suka cike gurbin, kowa da abin da ya yi masa daɗi a kunne, kuma da yawa daga cikinsu ma'auninsu shi ne harshen Latin, wanda a lokacin shi ne harshen ilimi a Turai. Dokar da kika yi amfani da ita a kan ɗalibarki ta fito ne daga nan. A 1672 mawaƙi John Dryden ya soki Ben Jonson, marubucin da ya gabace shi, saboda ya ƙare jimla da irin waɗannan ƙananan kalmomi kamar “to” da “from”, abin da ginin jimlar Latin bai saba da shi ba, amma Turanci yake yi tun kafin a haifi Dryden. Shi kansa Robert Lowth, malamin cocin da littafinsa na nahawu na 1762 ya zama uban littattafan makaranta, bai haramta wannan gini ba. Ya amince cewa harshen ya karkata gare shi kuma shi ake ji a hira, illa dai yana ganin ɗaya ginin ya fi dacewa da rubutu mai nauyi. Waɗanda suka biyo baya, musamman bayan da littafin Lindley Murray na 1795 ya mamaye azuzuwan Ingila da Amurka, su ne suka riƙa mayar da shawarwari irin wannan dokoki, domin doka ta fi shawara sauƙin koyarwa ga aji mai yara sittin, kuma ta fi sauƙin gyarawa da jan biro.

Wannan ba yana nufin babu kuskure a Turanci ba, kuma nan ne nake rabuwa da wasu abokan aikina masu cewa duk abin da baki ya furta daidai ne. Akwai ƙa'idojin da suke ƙashin bayan daidaitaccen harshen, waɗanda ɗan jaridar Landan da na Legas da na New Delhi duk suke bi ba tare da sun yi tunani ba. Yaron da ya rubuta “he have” ko “she didn't came” ya karya irin wannan ƙa'ida, kuma babu ƙamus ɗin da zai cece shi. Haka nan “furnitures” da “informations” da “equipments”, waɗanda suka cika allunan shagunanmu daga Wunti har Yalwa a garin Bauchi. Ki lura kuma da “borrow me your pen”, domin daga Hausa ya tsallako: mu da kalma ɗaya muke cewa na ari biro, mu kuma ce ara mini biro, alhali Turanci ya raba su gida biyu, mai karɓa da kalmarsa, mai bayarwa da tasa. Irin wannan kuskuren ya fi cancantar lokacinki a allo fiye da “whom”, wadda ko a ƙasarsu ta kusa zama kayan ado.

Sai kuma abin da zamani ya riga ya yanke wa hukunci. Kalmar “you” da muke kiran mutum ɗaya da ita yau, a da ta jam'i ce, tamkar ku a Hausa, “thou” kuma ita ce ta tilo. A 1660 George Fox, wanda ya kafa ƙungiyar addini ta Quakers, ya fitar da littafi guda tare da abokansa yana yaƙi da masu kiran mutum ɗaya da “you”. Ga shi yau “thou” ta ɓace daga bakin jama'a sai a tsofaffin littattafai da addu'o'in coci, abin da aka kira kuskure ya zama shi ne ƙa'ida, har fi'ilin da ke binta ya ci gaba da zama na jam'i, shi ya sa ake cewa “you are” ko da mutum ɗaya ake nufi. Haka “It is me” ta kori “It is I” daga hira, haka kuma “they” a kan mutum ɗaya da ba a san jinsinsa ba, wadda aka same ta a rubuce tun ƙarni na 14, aka daɗe ana sokewa, yanzu kuma manyan ƙamusoshi suka karɓa.

Game da hujjar yayan yarinyar, gaskiya ya faɗa, amma rabin gaskiya. A watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya sanar da shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da “next tomorrow” da “okada” da “danfo” da “mama put” da “ember months” da kuma “Kannywood” tamu ta Arewa, kuma a farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu irin su “japa” da “suya”. Sai dai wannan babban ƙamus, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, aikinsa shi ne taskace tarihin kalmomi, ya faɗi inda kalma ta fara bayyana da inda ake amfani da ita. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi an liƙa mata shaidar yankin da ta fito. Shigarta ƙamus shaida ce cewa tana raye a bakin miliyoyin mutane, ba lasisin sanya ta a kowace irin takarda ba, kamar yadda kalmomin zagi ma suna cikin ƙamus ɗin amma babu mai sa su a takardar neman aiki.

Ni dai ina tausaya wa “next tomorrow”. Bahaushe yana da gobe da jibi da gata da citta, kowace kalma ɗaya tak, sai a ce ya tara kalmomi huɗu na Turanci kafin ya ce jibi. Ba na jin za ta mutu, kuma ba mamaki jikokinmu su rubuta ta ba tare da an soke ba. Amma ɗalibarki baɗi za ta zauna jarrabawa, ba a zamanin jikokinmu ba.

Almajirin Zaure, Misau

Allah ya gafarta malamai. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, Turancina bai wuce na cike fom ba, amma na ga muhawarar ta yi kama da wadda muka tarar a littattafan nahawun Larabci, shi ya sa na ce bari in tsoma baki.

Duk wanda ya karanta Ajuruma ya haura zuwa Alfiyyar Ibnu Malik ya san saɓanin malaman Basra da na Kufa. Mutanen Basra, waɗanda Sibawaihi yake cikin manyansu, suna tsananta wajen zaɓen wanda za a kafa hujja da maganarsa, su gina ƙa'ida a kan abin da ya fi yawa, abin da ya saɓa kuma su ce a kiyaye shi amma kada a yi ƙiyasi a kansa. Mutanen Kufa kuwa sun fi sakin hannu, idan suka ji Balarabe ya faɗi abu sukan karɓa har su gina hukunci a kai. Abin lura shi ne, ɓangarorin biyu sun yarda cewa daga bakin Larabawa aka ciro nahawu, ba daga nahawu aka ciro Larabawa ba. Saɓaninsu kawai shi ne, bakin wa za a saurara.

To mu dawo gida. Mu mutanen ƙasar Bauchi da yawanmu “motan Audu” muke cewa da “rigan Binta”, alhali daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan karin Kano, “motar Audu” da “rigar Binta” ta sani. Mukan kuma ce “ya sayi riga wa Audu”, Bakano kuwa ya ce “ya saya wa Audu riga”. Kakata ta shekara fiye da tamanin tana magana haka, kuma duk wanda ya ce ba ta iya Hausa ba sai mun yi shari'a da shi, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Duk da haka, yaron Misau ko na Dass da ya rubuta “motan” a jarrabawar Hausa za a soke masa, kuma babu uban da zai je makaranta ya ɗaga murya, saboda kowa ya fahimci cewa an zaɓi kari ɗaya ne don a haɗu a kansa a rubuce, tun zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 da kuma aikin Hukumar Hausa daga baya. Ku duba ma wannan rubutu nawa, da karin Kano na yi shi, ba da wanda nake ciniki da shi a kasuwa ba. Malama, ina ganin idan kika yi wa yarinyar bayani da wannan misali za ta gane nan take, tunda a Gombe ma na san ana jin “motan” ɗin nan.

Magatakarda, Tudun Wada

Ina da ƙari ɗaya a kan jerin kalmomin 2020 da Malam Ɗan Azare ya kawo, domin akwai wadda ba a ambata ba kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, wato “severally”. A bakin 'yan Najeriya tana nufin sau da yawa, shi ya sa za ka ji jami'i ya ce ya gargaɗi ma'aikaci “severally”. A Turancin shari'a kuwa ma'anarta ɗaya bayan ɗaya, kowa a karan kansa. Na taɓa zama da wasu mutum uku da suka tsaya wa wani ɗan'uwansu ya karɓi rance, suka sa hannu a takardar da aka rubuta “jointly and severally”. Ɗaya daga cikinsu, mai digiri ne kuwa, ya fassara wa sauran cewa ana nufin za a biya tare kuma a hankali, kashi-kashi. Ainihin abin da suka sa wa hannu shi ne, mai bashi yana da ikon kama kowane ɗaya daga cikinsu ya biya kuɗin gaba ɗaya shi kaɗai. Da mai rancen ya gaza, wanda yake da albashi aka bi, shi ne kuma mai fassarar. Ba na cewa a hana mutane faɗin kalmar yadda suka saba, amma malamin da ya bar ɗalibi ya fita daga sakandare da ma'ana ɗaya kawai, bai gama aikinsa ba.

Tsohon Hedimasta, Bauchi

Ɗana na Azare, na ƙaru da tarihin da ka kawo, ban taɓa sanin cewa Lowth da kansa bai haramta abin ba, kuma ina neman gafarar yaran da na soke wa wannan jimla a shekarun 1980. Amma ina roƙonka kada ka kai wannan bayani gaban 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Yaron da bai gama rarrabe “has” da “have” ba, idan ya ji cewa wasu dokokin ra'ayin mutum ne kawai, zai ɗauka dukkansu haka suke. A bari ya iya tafiya tukuna kafin a nuna masa inda katangar take da ɓaraka.

Malamar Jekadafari, Gombe

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri, musamman Baba Hedimasta da ya yi mini gyara ba tare da ya kunyata ni ba. Yau da safe na kira yarinyar gaban aji na mayar mata da rabin makinta na jimlar farko, na kuma faɗa wa 'yan ajin cewa ni ce na yi kuskure a wurin, abin da ya sa ajin ya yi tsit na ɗan lokaci. A kan “next tomorrow” ban mayar da makin ba. Na rubuta “motan Audu” da “motar Audu” a allo kamar yadda Malam na Misau ya ba da shawara, na tambaye su wanne suke faɗa a gida, wanne kuma suke rubutawa a darasin Hausa, kuma kafin in ƙarasa bayani wasu sun riga sun fara dariya don sun gane inda na dosa.

Na kuma sauya yadda nake gyara takardu. Jan biro na bar shi ga irin su “he have” da “furnitures” da “borrow me”, kore kuma na sayo don abin da ake faɗa a gari amma bai dace da takardar jarrabawa ba, in ja layi a ƙarƙashinsa in rubuta ɗaya hanyar a gefe. Aikin da na ba su na ranar Litinin shi ne su rubuta labari ɗaya sau biyu, na farko zuwa ga ƙawa ko aboki, na biyu zuwa ga shugaban makaranta. Yarinyar ta ɗaga hannu ta tambaya ko za ta iya sa “next tomorrow” a wasiƙar ƙawar, tunda ƙawar tata 'yar Kumo ce ba 'yar Landan ba. Na ce ta sa, amma ta san cewa koren biro yana jiranta.